Yadda Za Ka Zama Papa Nowel Ba Tare da Surukinka Ya Ce Ya Gane Ka Ba

Wannan bayani na mutum ɗaya ne: kai da ka tafi karatu ƙasar sanyi, ka dawo Abidjan da takardar digiri da rigar sanyi mai nauyi, ka tarar babu inda za ka sa ko ɗaya. Ka auri ɗiyar malami. Kana zaune a gidan mahaifinta a Treichville, ɗaki da falo a bayan tsakar gida, "kafin ka samu wuri". Yaranka suna lakwal, wato makarantar boko. Disamba ta kama.

Ni na yi karatun sufurin kaya a Kanada. Na ga Nowel, wato Kirsimeti, a garinsu, da ƙanƙararta da komai, don haka ba jita-jita nake kawo maka ba. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin abu biyu. Ɗanka zai karɓi kyautarsa daga hannun Papa Nowel. Surukinka kuma ba zai taɓa cewa ya gane ka ba.

Don sauƙin bayani, sunan surukinka Malam Abdulbaqi, matarka Zalihatu, 'yarka babba Rumaisa, ƙaramin ɗanka Babani. Idan naka sunayen daban ne, wannan ba matsalata ba ce.

Mataki na 1: Ka fahimci ɓarnar bara

Yaranka suna karatu a wata lakwal kusa da 220 Logements, saboda shagon atamfar Zalihatu yana kasuwar Adjamé. Kowace Disamba lakwal tana yi wa ƙananan aji bikin bishiyar Nowel. Tsarin ba shi da wuya. Iyaye su sayi kyauta a ɓoye, su naɗe, su rubuta sunan yaro, su kai wa makaranta. Ranar biki wani mutum ya sa jar riga da farin gemu, ya ɗaga kwali, ya kira suna. Yaro ya tashi ya karɓa. Musulmi da Kirista duk suna kai nasu, don babu uban da yake so ɗansa ya zauna hannu wofi yana kallon na wasu.

Bara ka sayi motar kashe gobara, ja, mai tsani. Papa Nowel na bara mai gadin lakwal ne. Ya ɗaga kwalin ya karanta abin da ke takardar haihuwa: Abdoul Baki. Ba wanda ya tashi. Ya sake kira. Babani yana layin gaba, yana waige-waige tare da sauran yara, yana neman wannan Abdoul Baki mai sa'a.

Babu wanda ya taɓa gaya masa sunansa ne. Sunan kakansa aka sa masa. Uwarsa ba za ta ambaci sunan ubanta ba, sai ta ce Babani. Kai ba za ka ambaci sunan surukinka ba, sai ka ce Babani. Malam yana ce masa Takwara. Malamar ajinsa ta tambaye shi sunansa ranar farko, ya ce Babani, ta yarda.

Bayan an watse aka kawo masa kwalin a baranda. Ya ƙi buɗewa, ya ce na wani yaro ne. A taksi, kan gada, ya ce, "Papa Nowel bai san ni ba." Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da ka saya masa yawur, nonon kanti mai sanyi, an wuce wurin.

Wannan shi ne aikin da ke gabanka. Bana sai an kira shi, kuma sai ya tashi.

Mataki na 2: Ka koya wa yaron sunansa

Ba kai za ka koya masa ba, ba ka iya faɗa. Ba uwarsa ba, ita ma haka. Ku zaunar da shi, ku yi ta zagaye.

"Babani, sunanka na gaskiya irin na Kaka ne," in ji Zalihatu.

"Sunana Kaka?"

"A'a. Sunan da Kaka yake da shi."

"Malam?"

A nan sai ku kira Rumaisa. Jika ba ta da kunyar kaka, bakinta a sake yake. Za ta tsaya a tsakar gida ta faɗi sunan da ƙarfi, kamar mai tallar aloko, soyayyar ayaba. Daga zaure za ka ji Malam ya amsa, "Na'am?" Kai ka shige ɗaki. Uwar ta shige kicin.

Yaron zai koya, har ya wuce inda kuke so. Zai sanar cewa bana ba zai tashi ba sai ya ji sunan cikakke. Rumaisa, wadda ta riga ta daina yarda da Papa Nowel, ta koma yarda da hujja, za ta ƙara masa da nata.

"In ka ji ya ce Babani, to ɗan gidanmu ne ya manna gemu."

Ka riƙe wannan magana. Masana tarbiyya sun tabbatar cewa yarinya mai shekara takwas ta fi kwastan na bakin teku bincike, kuma ita ba a sasantawa da ita a bayan kwantena.

Mataki na 3: Kada ka nemi aikin, bari ya same ka

Ka je taron iyaye. Shugabar lakwal, Madam Kouamé, za ta sanar cewa mai gadi ya ce ko za a kore shi ba zai sake sa rigar nan ba, bara sai da aka zuba masa ruwa a bayan aji. Za ta nemi mai sa kai. Iyaye maza za su gano cewa wayoyinsu suna da ban sha'awa.

Sai ta ce, "A cikinku wa ya taɓa ganin ƙanƙara tana zubowa daga sama?"

Kada ka motsa. Zalihatu za ta ɗaga maka hannunka.

A hanyar gida za ka ga hikimar abin. Wa ya fi ka dacewa? Kai ne za ka riƙe mikro, muryarka ta fita ta lasifika. In yaron bai tashi ba ka sake kira, ka yi ta kira har ya tashi. Za ka ji kamar ka ci jarrabawa. Abin da ba za ka tuna ba shi ne wane suna za ka kira. Kada ka tuna. Idan ka tuna yanzu, sauran matakan ba su da amfani.

Mataki na 4: Ka haɗa kayan aiki

Yadi ja daga Adjamé, amma ba daga layin matarka ba. Kada ka kai wa tela Bahaushe, duk sun san Malam. Ka kai wa ɗan Gine. Shi ma bayan Malam yake sallah, amma sai bayan ka biya za ka sani.

Gemu: audugar farmasi da roba. Masu gashin kanti za su nuna maka wani fari mai sheƙi, su rantse daga Faransa ya zo. Ka ƙyale shi, da shi za ka yi kama da mawaƙiya.

Ciki: matashin kai.

Takalmi: na roba mai tsawo, irin na masu sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Ka ara a wurin aiki. Ka zaɓi wanda ya matse ka. Ina da dalili, za ka gan shi a mataki na tara.

Murya kuwa, a nan karatunka zai yi rana. Tun da ka dawo ake yi maka dariya saboda Faransancin Kebek da ka kwaso daga Kanada, har mai taksi ya taɓa ce maka ka yi Hausa kawai zai fi ganewa. To ka fito da shi duka. Babu yaron da zai fahimci rabin abin da kake cewa, kuma wannan shi ne shaidar cewa daga nesa kake.

Dariyar "ho ho ho" ka gwada ta a tashar jiragen ruwa, tsakanin manyan motoci. A can mutum mai ihu shi kaɗai ba abin kallo ba ne.

Mataki na 5: Ka shigo da bishiya ta gaban Malam

Yara za su ce suna son bishiyar Nowel a ɗaki, ta roba, kamar ta gidan maƙwabta. Ka saya. Matsalar ita ce gidan ƙofa ɗaya gare shi, kuma Malam yana zaune a zauren da ƙofar take.

Ka san yadda kuke. Tun daga nesa ka cire takalmi. Ka durƙusa, ido a ƙasa.

"Barka da yamma, Malam."

"Lafiya."

Hirarku ke nan tun ranar ɗaurin aure. Ba gaba kuke ba, surukai ne ku. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunanka. In famfo ya lalace, zai gaya wa ɗiyarsa, ita ta gaya maka, kai ka ba ta amsa, ta kai masa. Kafin amsar ta isa ruwan ya kai ƙofar maƙwabta.

Saboda haka ka wargaza bishiyar, ka zuba rassan a buhu. Za su leƙo ta bakin buhun. Malam zai karya al'ada ya ƙara kalma biyu.

"Wannan fa?"

"Buroshin wanke kwalba ne, Malam."

Zai dubi buhun. Zai miƙa hannu ya zaro reshe ɗaya, ya ce butarsa ta yi gansakuka. Ka ba shi. Bishiyarka za ta tsaya da giɓi a gefe guda. Ka juya giɓin ya kalli bango.

Mataki na 6: Kada ka ɗauka Malam bai san watan ba

Wannan kuskuren 'yan boko ne. Malam ya fi ka sanin ranar Nowel, don shi yake yanka kajinta.

Maƙwabciyarku Tanti Akissi, 'yar coci ce ta gaske, kowace shekara tana kawo kajinta ƙofar zaure Malam ya yanka, don in ta dafa ta aiko muku ku iya ci. Da Babbar Sallah ita kuma a kai mata cinyar rago. Rabin layin haka suke yi. Tun farkon wata za ka ji ta a bakin ƙofa tana kama layi.

"Papa Malam, bana kaji sun yi ƙiba fa. Ka wasa wuƙa."

"Wuƙa a washe take, Akissi. Ke dai ki rage barkono, bara sai da na sha magani."

Matsayin Malam a bayyane yake: bikin ba namu ba ne, maƙwabtan namu ne, kazar kuma halal ce. Abin da bai taɓa yanke hukunci a kai ba shi ne suruki mai gemun auduga da matashi a ciki. Kada ka nemi fatawa. Tambayar da ba a yi ba, amsarta ba ta kama kowa.

Mataki na 7: Ka ja wa yara kunne, sannan ka san aikin banza ka yi

Ka gaya musu ranar biki jirgi zai iso, kana wurin aiki, ba za ka samu zuwa ba. Ka ƙara da cewa kada su dami Kaka da zancen lakwal, yana da karatu.

Kana juya baya Babani zai nufi zaure ya haye cinyar Malam.

"Takwara, gobe za a kira sunanmu a mikro."

"Wa zai kira?"

"Wani tsoho daga ƙasar sanyi."

"Ya san ni ne?"

"Ya san kowa. Ni kaɗai ne bai sani ba, amma bana an gaya masa."

"To," in ji Malam, "wanda zai kira sunana a bainar jama'a, ya kamata in je in ga fuskarsa."

Kai ba za ka ji wannan hira ba. Zalihatu za ta ji. Ba za ta gaya maka ba, don ta san kana da fasfo.

Mataki na 8: Ka shiga da ƙarfinka

Za a ba ka ɗakin ajiyar tsintsiya ka shirya. Babu taga. Kafin ka gama ɗaura gemu ka riga ka jiƙe. Kada ka damu, Papa Nowel na Abidjan dama a narke yake isowa.

A waje an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mai kiɗa ya ƙure lasifika. Za a buga ƙararrawa. Ka saɓa buhu ka fito. Yara za su yi ihu, ƙananan su fashe da kuka. Duka biyun nasara ce.

Ka soma kira. Koffi. Aya. Mamadou. Grâce. Ka shafa kai, ka yi ho ho ho, ka zuba musu Faransancin Kebek. Za ka ji wata uwa tana ce wa ta kusa da ita, wannan kam na asali ne, ba a jin abin da yake faɗa. Gumi zai rufe maka ido, auduga ta hau hanci, ba za ka ga komai ba sai kwalin da ke hannunka. Ka gode wa Allah da wannan makanta, ba za ta daɗe ba.

Can buhu ya kusa ƙarewa, za ka sa hannun riga ka share fuska. Sai ka ga layin gaba. Kujerar manyan baƙi, kusa da Madam Kouamé. Farar babbar riga, rawani, carbi. Babani a gefensa, ya sa hannu biyu a gwiwa. Rumaisa a baya, ta harɗe hannu. Zalihatu tana nazarin rufin rumfa.

Mataki na 9: Kada ka cire takalmi

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba wanda ya taɓa cin sa.

Ƙwaƙwalwarka za ta gaya maka gaskiya: kai Papa Nowel ne, daga ƙarshen duniya kake, ba ka san wannan dattijo ba. Amma ƙafarka ba ta je Kanada ba. Ita a gidan Malam ta yi karatu. Kafin ka gama tunani ta dama ta taka dugadugin ta hagu.

Na ce ka ari takalmi mai matsewa don ya ba ka lokacin dawowa hayyacinka. Ba zai yi aiki ba. Abin da zai faru shi ne, iyaye da yara za su kalli Papa Nowel yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kokawa da takalmin roba, ya ci nasara, ya koma kan ɗayan, ya jera su gefe da ladabi. Sannan ya durƙusa, matashin cikinsa ya hau har haɓa. Mikro yana hannunsa. Kowace lasifika ta ɗauka, da Hausa tsantsa:

"Barka da hantsi, Malam."

Mai kiɗa zai kashe kiɗa.

Malam zai dube ka daga hula zuwa yatsun ƙafa. Ba zai yi murmushi ba.

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya sanyi?"

"Da sauƙi, Malam." Gumi yana ɗiga daga gemunka zuwa siminti.

Wani yaro zai tambayi uwarsa me ya sa Papa Nowel ya zauna a ƙasa. Madam Kouamé, wadda ta ga abubuwa da yawa a aikin koyarwa, za ta miƙe ta soma tafi, ta ce wa yara su duba, har Papa Nowel yana girmama manya. Kowa zai tafa. Rumaisa ba za ta tafa ba. Ita ƙafarka take kallo.

Mataki na 10: Ka kira sunan

Kwali ɗaya ya rage. Na bara ne, an sake masa takarda. Ka ɗaga shi. Rubutun naka ne, ba sai ka karanta ba.

Yanzu za ka tuna abin da na hana ka tunawa a mataki na uku.

Mai sunan yana zaune a gabanka, in ka miƙa hannu za ka taɓa rigarsa. Ba ka taɓa furta sunan nan ba, ko a bayan idonsa, ko a ofishin magajin gari, inda sai da ka rubuta wa ma'aikaci a tafin hannu. Yau kuma da mikro.

Babani ya riga ya ɗaga rabin jiki daga kujera. Yana kallon bakinka.

Za ka gwada dabara. Kowa yana gwadawa. Za ka ce da Faransanci, "Jikan babban malamin nan." Yaron ba zai motsa ba. Za ka ce, "Ƙaramin yaro mai farar riga." Akwai su da yawa, kuma biyu za su taso. Sai bakinka ya suɓuce ka ce, "Mai sunan Malam."

Rumaisa za ta sunkuyo kan kunnen ƙaninta. "Ka ji ko? Ban gaya maka ba?"

Yaron zai koma ya zauna sosai, ya jingina. Ba da ƙarfi zai faɗa ba, amma kana kusa.

"Bai san ni ba."

A nan ba ni da shawarar da zan ba ka. Ka ci gaba da durƙuso.

Malam zai sa carbinsa a aljihu.

"Bawan Allah, daga ina kake?"

"Daga arewa, Malam. Can sosai."

"Na ga alama. To ni dai ban taɓa aurar da ɗiya ga mai jar riga ba, ban kuma san na haɗa zuri'a da mutanen ƙanƙara ba. Kai baƙo ne. Baƙo ba shi da suruki a garin nan. Tashi tsaye ka karanta abin da aka rubuta."

Ka tashi. Ka dubi rufin rumfa, matarka ta riga ta tabbatar yana da ƙarfi. Ka faɗa.

"Abdulbaqi."

Ba abin da zai faɗo. Yaron zai sauko daga kujera, ya gyara riga, ya tako a hankali kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Zai tsaya a gabanka ya ce, "Ni ne." Ka ba shi. Zai rungume kwalin, ya juya, ya fito wa yayarsa da harshe.

Aikinka ya ƙare. Abin da ya rage shi ne ka gudu.

Mataki na 11: Ka kashe mikro

Ba za ka tuna ba, kuma ba za ka gudu ba, don takalmanka suna gefen ƙafar Malam. Kana sunkuyawa zai riƙe hannun rigarka.

"Tsaya. Tunda baƙo ne kai, kuma an ce ka san kowa, akwai wani surukina."

Iyayen da suka fara tashi za su koma su zauna. Masu jin Hausa za su soma yi wa marasa ji fassara.

"Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma an kai shi ƙasarku ya koyo yadda ake kawar da kaya daga wuri zuwa wuri, ya dawo babur ɗinsa ma ya kasa kawar da shi daga bakin zaure. Kullum sai na tsallaka. Famfon tsakar gida tun damina yake zuba. Na gaya wa ɗiyata, ta ce ta gaya masa, ya ce yana nazari. Ran nan ya shigo da bishiya a buhu ya ce mini buroshi ne. Na sa a buta, ya karye a ciki. Har yanzu yana ciki."

Ka ce, "Zan isar, Malam."

"Ka kuma ce masa ya bar yawon neman haya a Yopougon, duk wanda ya tambaya sai ya zo ya gaya mini. Ɗakunan sama ba kowa. Ni ba zan iya gaya masa ba."

Kada ka ji wani abu a ƙirji. Ɗakunan saman suna yoyo, kuma kai za ka gyara.

Amma ka lura, ƙofar da ya buɗe taku ce ku biyu. Kai ma baƙo ne. Ka gyara murya.

"Malam, na taɓa haɗuwa da shi. Shi ma yana cewa lasifikar kiran asuba tagarsa take kallo."

"Ka ce masa da gangan ne."

Sai yanzu Madam Kouamé za ta zo ta karɓi mikro.

Mataki na 12: Ka koma gida daga wurin aiki

Ka wanke fuska, ka cire ragowar auduga daga kunne, ka ɗan zagaya gari. Ka iso gida da alamar gajiyar jirgi. Tun daga nesa ka cire takalmi. Ka durƙusa.

"Barka da yamma, Malam."

"Lafiya."

Shi ke nan. Na yi maka alkawari, ga shi na cika.

A ciki Babani yana kashe gobara a ƙarƙashin gado. Zai ba ka labari cewa ka yi asara, Papa Nowel ya zo, ya san sunansa, kuma ɗalibin Kaka ne, har tsoronsa yake ji. Rumaisa za ta dubi yatsun ƙafarka, ta dubi ƙaninta, ta dube ka. Sai ta ambaci cewa wata 'yar ajinsu tana da keke.

Ka kawar da babur. Ka kira mai gyaran famfo.

Kada ka jefar da rigar. Ko ka yi niyya ba za ka samu dama ba. Kafin kajin Tanti Akissi su iso, Zalihatu za ta leƙo ta ce, "Baba ya ce a wanke kayan baƙon nan a rataye a zaure." Wata biyu ko uku bayan haka, lokacin da zafi ya kai inda kwalta take laushi, za ta sake leƙowa.

"Baba ya ce ko baƙon nan yana kusa. Akwai magana."

Ka sa. Har da gemun.

Sanarwa

Marubucin wannan bayani ba shi da alhakin ƙurajen da auduga za ta fito maka da su, ko takalmin aro da mai shi yake nema, ko keken Rumaisa. Ba shi da alhakin yaran layi da za su riƙa tsayawa a ƙofar zaure suna gaya wa Malam abin da suke so baɗi, tunda sun gano wa yake ba Papa Nowel umarni. Haka kuma ba ruwansa in ka tsinci kanka a tsakiyar watan Maris, cikin jar riga da hula mai tuntu, zaune kan kujera da takalminka a ƙafa, kana shan shayi da surukinka kuna musu kan rufin ɗakunan sama, masu wucewa suna rage tafiya.

Duk mai ƙorafi ya kai wa Malam. Yana sauraron kowa, in dai da gemun auduga ya zo.